Ragowar Ruwan Mai Ɗinki

Duk layin babu wanda ya kai Mai Ɗinki sanin takalman mutane. Tana zaune a gaban kekenta, kafin mai shigowa ta ƙarasa sallama ta riga ta san ko wace ce. Mai silifas ɗin da aka ɗaure da waya matar mai shago ce. Mai dogon takalmin da ya cinye ta gefe ɗaya malamar makaranta ce. Baƙi sukan ɗauka kunya ce ta yi mata yawa, har su koma gida suna yabo. Kunyar me? Matar da in kika kawo mata guntun yadi kika ce a fitar miki da doguwar riga, za ta gaya miki gaskiyar faɗin ƙugunki ba tare da ta tauna ba. Ba kunya ba ce. Haɓarta ce manne da ƙirjinta shekara ashirin da ɗoriya, shi ya sa duniyar da take gani ta tsaya daga ƙugu zuwa ƙasa.

Wuta ce ta yi mata haka. Tana goyon 'yarta ta fari risho ya yi bindiga a kicin, mayafin da ke wuyanta ya kama. Mijinta, Kafinta, yana tsakar gida yana gyaran ƙafar kujera, da tafin hannunsa ya kashe wutar, har yau yatsunsa biyu ba sa miƙewa sosai. Ta rayu. Amma da ƙunar ta zo warkewa sai fatar ta tattare, ta ja haɓa da leɓen ƙasa, ta ɗaure su da ƙirji da wani tabo mai kauri kamar igiya. Kunnen hagu kuwa wutar ta cinye shi, ba ta bar komai ba sai ɗan tudu.

Kafinta ba mutum ne mai yawan magana ba, da guduma yake lallashi. Tun da ta dawo daga asibiti ya bi gidan yana sauko da komai ƙasa. Ya sauko da kantar kwanuka, ya sauko da madubi, ya rage wa teburin keke ƙafa. Agogon bango ma a daidai gwiwa ya kafa shi, duk baƙon da ya shigo sai ya yi dariya ya ce gidan wadanni ne. Ita kuma ta rungumi ɗinki bakin rai bakin fama. Tunda idonta kullum a ƙasa yake, babu telan da ya kai ta iya kalmasa. Bakin riga in ya fito daga hannunta, ko da tef ɗin awo kika auna ba za ki ga inda ya karkace ba.

Abu ɗaya ne gudumar Kafinta ta kasa gyarawa, wato shan ruwa. Wanda ba ya iya ɗaga kai ba ya shanye kofi. Takan sha na sama, in ruwan ya yi ƙasa shi ke nan, in ta ƙara karkata kofin sai ya bi ta gefen leɓe ya jiƙa mata riga. An kawo mata tsinken roba na zuƙa, ta yi jifa da shi ta ce ita ba jaririya ba ce. Sai ya zama in ta sha rabi takan miƙa kofin gefe ba tare da ta duba ba, shi kuma ya karɓa ya shanye. Haka suke yi a gida, haka a gidan mutane. Yaran sukan tsokane shi, su ce Baba bai taɓa shan ruwan kansa ba. Shi kuwa ya ce su rabu da shi, ragowarta ta fi sanyi. Takan yi dariya tare da su. Amma a ranta abin yana ci mata tuwo a ƙwarya, mace da girmanta a ce kofin ruwa ya fi ƙarfinta.

Ba wai ba a nemi magani ba. Likitocin tiyata sun ce aikin ba gagara ba ne: a yanke tabon, a miƙar da wuya, a ɗebo fata daga cinya a rufe wurin. Matsalar ba wuƙa ba ce, barci ne. In an sa mutum barcin tiyata numfashinsa yakan tsaya, sai a yi maza a zura masa bututu ta baki zuwa maƙogwaro, inji ya riƙa yi masa numfashi. Kafin bututun ya shiga kuwa sai an ɗaga kan mutum baya, an buɗe bakinsa, an leƙa da wani ƙarfe mai fitila. To ita kanta ba ya ɗaguwa, bakinta da ƙyar yatsa biyu ke shiga, murfin robar da ake kifa wa mutum a fuska don a hura masa iska kuma ba ya zama a fuskar da ba ta da haɓa. Karon farko suna farawa iskar jininta ta yi ƙasa, suka fasa suka tashe ta. Karo na biyu sun ɗan ƙara naci, leɓenta ya yi baƙi, aka sha da ƙyar. Da ta farfaɗo abin da ta fara gani takalman Kafinta ne a gefen gado, wari baƙi wari ruwan ƙasa, tsabar ruɗewa.

“An gama,” in ji shi. “Ba za a sake ba. Ni a haka nake son abata.”

Ta bar maganar, shekaru suka yi ta tafiya. Jikarta ce ta tono ta. Yarinyar ta fara tafiya ke nan, wata ranar hutu ana zaune a falo sai ta dafe haɓa a ƙirji, ta sunkuya, ta ratsa ɗakin tana bin takalman mutane da kallo. Kowa ya fashe da dariya, uwar yarinyar har da hawaye. Mai Ɗinki ba ta yi dariya ba. Yarinyar ba tsokana take yi ba, ita a ganinta haka manyan mata suke tafiya. Washegari ta sa 'yarta ta raka ta asibiti, ba ta gaya wa Kafinta ba.

A wannan karon sun tarar da wata sabuwar likitar barci, mai koren takalmin roba. Maimakon ta tsaya a kanta tana magana da ƙeyarta kamar yadda aka saba, sai ta jawo ɗan benci ta zauna ƙasa da ita, ta leƙo fuskarta. Ta sa ta buɗe baki, ta taɓa tabon, ta toshe mata hanci ɗaya ta ce ta ja iska, ta toshe ɗayan.

“Mama, hancinki lafiya lau,” in ji ta. “Waɗanda suka gwada a baya ba iyawa suka rasa ba, lokaci suka rasa. Da numfashinki ya tsaya, iskar da ke huhunki takan ƙare kafin a ga hanya. Ni lokaci nake so in saya mana.”

Ta ɗauko wata siririyar roba mai 'yan ƙahoni biyu da ake sa wa a hanci. Ta ce za a cika mata huhu da oksijin tun tana farke, sannan ko bayan numfashi ya tsaya ba za a cire robar ba, za a ƙure iskar ta yi ta kwarara ta hanci zuwa maƙogwaro duk tsawon lokacin da ake neman hanya.

“Likita, ki yi haƙuri,” in ji Mai Ɗinki. “Wanda ba ya numfashi, wa zai ja masa iskar? Ai ɓarna ce.”

“Jini ne zai ja. Ko ƙirji bai motsa ba, jini bai daina ɗibar oksijin daga huhu ba. In ya ɗiba sai wuri ya samu, wadda ke tsaye a maƙogwaro ta gangara ta cike gurbin.”

Mai Ɗinki ta juya maganar a ranta. “Kamar dai in na tsoma bakin yadi a bokiti, ruwan ya yi ta hawa da kansa.”

“Kin gama karatun,” in ji likitar tana dariya. “Amma ba zan yi miki ƙarya ba. Wannan ba numfashi ba ne, aron lokaci ne, kuma yana ƙarewa. Sharaɗinsa ɗaya, kada robar ta bar hancinki ko da muna jijjiga kanki.”

Nan aka ci karo da bango. Ita robar an yi ta ne a rataya a kunnuwa biyu, a zuge ta a ƙarƙashin haɓa. Mai Ɗinki kunne ɗaya gare ta, ƙarƙashin haɓa kuwa babu shi sam. Likitar ta maƙala, robar ta zame. Ta sa filasta, filasta ta ƙi kama tabon mai santsi, ga shi kuma likitan tiyata zai wanke kumatu da wuya duka da magani. Ta zagaya robar ta bayan kai, da Mai Ɗinki ta ɗan motsa sai ƙahon hagu ya fito. Likitar ta ce za ta yi tunani. Mai Ɗinki ta miƙa hannu.

“Ba ni aron robar nan. Abin da ya ƙi zama a jikin mutum, ai aikina ne.”

Kafinta ya dawo daga shago da yamma ya tarar da ita da tef a kai, robar asibiti na kan teburin keke. Bai tambaya ba, ya gane. Ya ajiye jakar kayan aikinsa a hankali kamar mai gudun kada ta fashe.

“Na ce an gama.”

“Kai ka ce, Malam. Ni ban ce ba.”

“Me kika rasa? Me ban sauko miki da shi ba a gidan nan?”

“Babu,” in ji ta. “Ka sauko da kanta, ka sauko da madubi, ka sauko da agogo. Da za ka iya da sama ma ka sauko min da ita. Na gode, Allah ya sani na gode. Amma na gaji da a sauko min. Ni nake so in ɗago.”

Ya fita waje ya daɗe. Tana jin sa yana buga ƙusa a abin da ba ya bukatar ƙusa. Ita kuma ta yanka farin yadin auduga, ta ɗinka hula mai kama kai tsam, da maɗauri a bayan ƙeya. Tunda wuta ta ci kunne, sai ta ɗinka wasu: 'yan kunnuwan ƙyalle biyu a kan goshi ta gefe da gefe, kowanne da maɓalli, yadda robar za ta fito daga hanci ta hau sama ta bi ta cikinsu ta wuce ta tsakar kai, ba ruwanta da kumatu balle wuya. Da ya shigo ta ce ya zauna tana son aron kai.

Haka babban mutum mai furfura ya zauna a kujera da farar hula mai kunnuwa, roba a hanci, fuska a murtuke. Ta kama kansa ta ja baya, ta tura gaba, ta juya shi hagu da dama, ta kifa masa kwanon roba a fuska ta cire, wai murfin asibiti ke nan. 'Yarsu ta leƙo ta koma da gudu tana toshe baki. Can sai ƙahon dama ya ɗan zame.

“Nan ya yi sako-sako,” in ji shi, bai dube ta ba. “Matso da maɓallin baya kaɗan. Ki ninka ƙyallen biyu.”

Ta san amincewarsa ke nan, ba za ta samu wadda ta fi ta ba. Ta warware ta sake ɗinkawa.

Ranar aikin da safe aka kwantar da ita a kan gadon tiyata, an tokare mata baya da matasai. An dafa hular don kashe ƙwayoyin cuta an busar, likita mai koren takalmi da kanta ta ɗaura mata, ta ɓalla maɓallan. Aka maƙala mata wani abu a yatsa, wata na'ura ta fara ƙara, ƙit, ƙit, da siririyar murya. Likitar ta ce muddin muryar na sama iska ta wadata a jini, in ta fara kauri tana sauka to ana cikin matsala. Iska mai sanyi ta fara busawa a hancinta. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Ta kafa ido a kan koren takalmin tana addu'a har ya ɓace mata.

Abin da ya biyo baya ba ta gani ba. Amma ta sa likitar da ma'aikatan ɗakin sun ba ta labarin har sun gaji, yanzu ta fi su iya ba da shi, kuma duk mai kawo ɗinki sai ta ji shi ko tana so ko ba ta so.

Da farko barci mai sauƙi aka sa ta, tana numfashi da kanta. Likitan tiyata ya yi wa tabon allurar kashe zafi, ya sa wuƙa ya yanke igiyar da ta fi ɗaurewa. Wuƙa kawai ya yi amfani da ita, an hana kunna na'urar da ke ƙona bakin jijiya, domin oksijin da wuta ba sa ga maciji, kuma matar nan ta riga ta biya wuta abin da take bin ta. Kan ya ɗan saki, bai kai yadda ake so ba. Likitar barci ta duba kowa, ta ce a ba da maganin da ke sassauta jiki, ta ƙure iskar hanci. Ƙirjin Mai Ɗinki ya tashi ya sauka, bai sake tashi ba.

Likitar ta zura ƙarfe mai fitila. Ba ta ga komai ba sai harshe da nama. Shekarun da tabon ya yi yana ja sun karkatar da maƙogwaron gefe, ba ya inda ake samun na kowa. Ta fito da ƙarfen, ta kifa murfi don ta hura iska, rabin iskar ta tsere ta gefen leɓe. A daidai nan ne aka tsaya a wancan karo na biyu, shekarun baya. Wata tsohuwar ma'aikaciya da ta ga wancan karon ta ce ita ba ta san sanda ta fara salati ba, kunnenta na kan na'ura tana jiran muryar ta faɗo. Muryar ba ta faɗo ba. Ƙit, ƙit, siririya, kamar babu abin da ke faruwa.

“Muna da lokaci,” in ji likitar. “Kada kowa ya yi gaggawa. Ku juya min kan dama. Ƙara. Danna maƙogwaron ta nan.”

Aka ja kan, aka murɗa, aka tura. Gwiwar hannun wani ta goge goshin, hannun wani ya bi ta kan robar. Hular ko gezau. Ƙahonin nan biyu suna zaune a hanci, iska na ta kwarara cikin huhun da ba ya motsi. Likitar ta sake leƙawa, ta hango gefen ƙofar maƙogwaro can a lungu. Ta karɓi wata siririyar sandar roba mai lanƙwasa a baki, ta lallaba ta, ta zame, ta sake lallabawa. Zufa na ɗiga daga goshinta, wata na goge mata. Sai ga muryar na'urar ta sauka taki ɗaya. Aron ya fara ƙarewa, kowa a ɗakin ya ji.

“Na shiga,” in ji ta a hankali. “Turo bututun.”

Bututun ya bi sandar ya gangara. Aka haɗa shi da inji, aka matsa jakar iska, ƙirjin Mai Ɗinki ya tashi, dama da hagu daidai. Muryar na'urar ta koma sama. Tsohuwar ma'aikaciyar nan ta yi guɗa a cikin ɗakin tiyata, abin da aka hana, kuma babu wanda ya tsawata mata. Likitan tiyata ya ce, to, yanzu a ba shi wuri ya yi nasa.

Kada wani ya ɗauka ta farka tana kallon sama. Ta farka da ciwo a wuya, ciwo a cinya, da wani abin wuya mai tauri da ta sha watanni tana zagi. Masu gashin ƙashi sun yi ta miƙar da wuyan kaɗan-kaɗan tana kiran sunan iyayensu. Fatar da aka dasa ta kama, launinta daban, kunnen kuma bai dawo ba. Amma fuskokin mutane sun dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Ta gano matar mai shago tana da wushirya. Ta gano 'yarta ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba, ta yi kuka a kan wannan. Likita mai koren takalmi kuma ta aiko a ɗinka mata irin hular nan da yawa, manya da ƙanana, don sauran masu ƙuna, Mai Ɗinki ta ajiye kayan wata amarya ta fara da su.

Ranar da aka cire abin wuyan gaba ɗaya suka dawo gida da rana tsaka, zafi kamar me. Gidan cike da 'ya'ya da maƙwabta. Jikarta ta kawo mata ruwa a kofin silba, tana tafe tana zubar da rabi, uwar ta ƙara cika shi. Mai Ɗinki ta karɓa ta sha na sama, ta kai inda ta saba tsayawa. Kafinta yana gefenta yana hira da wani maƙwabci, hannunsa ya riga ya miƙo da kansa, ko juyowa bai yi ba.

Ba ta ba shi ba. Ta ɗaga kofin, ta ɗaga haɓa, sabuwar fatar na ja tana zafi, ta ci gaba da ɗagawa har ta ga silin ɗin falonta da wata tsohuwar yanar gizo a kusurwa. Ruwan ya gangara, tana jin sanyinsa har ciki, ba ɗigo ɗaya a riga. Sannan ta sa masa kofin a hannu.

Kafinta ya kai baki, ya karkata, babu komai. Ya leƙa cikin kofin, ya dube ta, ita ma tana dubansa ido cikin ido, kai a miƙe. Ya goge ido da bayan hannun nan mai lanƙwasassun yatsu.

“To ni yanzu me zan sha?” in ji shi.

“Tashi ka ɗebo naka, Malam,” in ji ta. “In ka dawo ka zo da guduma, agogon nan ya koma sama.”